Barcin Nan Naka Ne Kai Kaɗai?

Karatun yau: 1 Sarakuna 19:1-8

Ƙaunatacce, kai da ka bar gida a ƙasar Bichi ko Tsanyawa ko Kunchi ka tafi Kano karatun likita, yau da kai nake magana. 'Yar'uwa mai koyon ungozoma a makarantar Dambatta, ke ma matso kusa, zancen ya shafe ki. Tambayar ita ce: in mutum ya rage barcinsa saboda karatu, kansa kaɗai ya ƙwara, ko ya shiga haƙƙin wani?

Na san amsar da ke bakinka. Karatun shekara 6 ne a Jami'ar Bayero. In aka koma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga zagayen majinyata da safe, ga kwanan aiki da dare, ga jarrabawa tana tafe. Can gida kuma Baba ya sayar da gero da gyaɗa, wataƙila har da san huɗa, don kuɗin makaranta. Wanda aka yi wa haka kunya yake ji ya kwanta ƙarfe goma. Sai goro, sai shayi mai kauri, sai Nescafé, har ƙarfe uku na dare, gari ya waye yana gyangyaɗi a gaban malami. Ban raina wannan kunya ba, daga ƙauna ta fito.

Amma dubi gonar gidanku. A yankinmu ba a barin gona ta huta shekara guda. Jama'a ta yi yawa, gona na manne da gona, kowace damina sai an shuka. Me ya riƙe ƙasar har yau? Takin da ake kai mata cikin mangala bisa jaki tun da rani, da wake da gyaɗa da ake haɗawa da gero. Babanka bai shiga aji ba, amma ya san abin da ka ɗiba daga ƙasa dole ka mayar mata. Jikinka kuwa barci ne takinsa, kuma babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye kowane dare. Goro da kofi ba sa mayar da kome, gajiyar kawai suke rufewa. Sinadarin da ke cikinsu yakan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa kofin ƙarfe goma yake hana ka runtsawa sa'ad da ka kwanta ƙarfe uku. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da ta karanta. Mai karatun da ba ya barci yana zuba hatsi ne a rumbun da gara ta huda.

Da a nan asarar ta tsaya, da na ce ruwanka. Ba nan ta tsaya ba. A 1997 masu bincike a Ostareliya sun auna mutanen da suka yi awa 17 ba barci, suka tarar hankalinsu da hannunsu sun yi nauyi kamar na wanda ya ɗan sha giya. Kai da giya ba ta taɓa shiga bakinka ba, ka yarda ka riƙe allura a wannan hali? A 1984 wata yarinya mai shekara 18, Libby Zion, ta mutu a wani asibiti a birnin New York na Amurka, a hannun likitoci masu neman ƙwarewa. Mahaifinta ya tsaya kai da fata cewa aiki ya yi musu yawa, babba kuma bai duba su ba. Daga wannan ne jihar ta taƙaita aikin irin waɗannan likitoci zuwa awa 80 a mako a 1989. Matar da za a kawo daga ƙauyenku a bayan babur tana naƙuda ba ta san ƙarfe nawa ka kwanta ba. Ta dai miƙa maka ranta. Wani kaso na barcinka nata ne.

Gaskiya ne, ba kowane dare ne a hannunka ba. Likitoci sun yi kaɗan, in layi ya zo kanka dole ka kwana a tsaye, kuma wannan hidima ce. Sai dai ka rarrabe daren da majinyaci ya karɓa da daren da waya ta cinye, da wanda tsoron faɗuwa ya cinye kana buɗe shafi ba ka fahimtar kome.

Iliya ya gudu daga Yezebel, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Lura da abin da aka yi masa: ba a tsawata masa ba, ba a ɗora masa azumi ba. Ya yi barci a gindin itace, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Bayan haka ne ya kama tafiyar kwana 40.

Iyaye, ku daina auna ƙoƙarin yaro da jan idonsa. In ya zo hutu ya wuce hantsi yana barci, ba lalaci ba ne, bashi yake biya. Mu ma a majami'a akwai namu: muna son kwanan addu'a, yana da albarka, amma kada mu kalli ɗalibin da bai zo ba kamar wanda ya yi sanyi a ruhu. Ɗan'uwa, in kwanan addu'a ya faɗo daren Juma'a, kai kuma kana da aiki a ɗakin haihuwa Asabar da sassafe, je ka gaya wa fasto. Yi taka addu'ar da wuri, kashe waya, ka kwanta.