Mai Gadi da Mai Gida: Tsokaci a Kan Haƙurin Jiki da Kansa

Hausawa kan ce da ɗan gari akan ci gari, wato wanda ya san ƙofa shi ke iya buɗe ta. Tambayar wannan maƙala daga nan ta samo tushe: idan sanin na gida shi ne sharaɗin tsaron gida, kuma shi ne hanyar cutar da shi, me ke hana mai tsaro ya zama maɓarnaci?

Mu ɗauki Kasuwar Muda Lawal ta garin Bauchi, inda ake sauke doya da lemo da kankana da kayan gwari. Mai gadi a irin wannan kasuwa, aikinsa na farko shi ne sanin fuskoki: mai rumfa, da yaron shago, da dillali, da ɗan dako. In bai san su ba, ba zai bambance mai kaya da maɗaukin kayan wani ba. In kuwa ya san su amma zarginsa ya yi yawa, wata rana gorarsa za ta sauka a kan ɗan dakon da ke ɗauke da buhun ubangidansa.

Jikin ɗan Adam ma yana da masu gadi, cikinsu har da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Makarantarsu wata 'yar gaɓa ce a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, wadda Jacques Miller ya gano aikinta a 1961. Jarrabawa biyu ake yi musu a can. Ƙwayar da ta kasa gane alamar jikin da ya haife ta, mutuwa take yi. Wadda ta gane alamar amma ta zabura da ƙarfi, ita ma kashe ta ake yi. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fita da rai. Waɗanda suka tsira su ne na tsakiya, masu sanin na gida ba tare da kai masa hannu ba. Daɗin daɗawa, akwai wata ƙwayar gado mai suna AIRE, wadda aka gano a 1997, da ke sa taimos ta baje wa ɗalibanta samfurin sinadaran wasu gaɓoɓi na nesa, har da insulin, domin su saba da su tun suna aji.

Duk da wannan tankaɗe da rairaya, wasu masu zafin kai kan kuɓuce, kuma ana samun irinsu har a jinin masu lafiya. Abin da ke riƙe su shi ne wani rukuni na ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke sarrafa su. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

Idan horo da tsawatarwa suka gaza, masu gadi kan juya kan ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. A hankali suke cin su, wani lokaci shekaru, babu zafi babu alama, har ranar da yaro zai fara yawan ƙishirwa da fitsari da rama. Wannan shi ne ciwon suga nau'i na ɗaya. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, kusan duk yaron da ya kamu da shi ba ya daɗewa. Har yau kuma allurar insulin ce ke riƙe da ran mai shi.

Darasi biyu muke gani a nan. Na farko ya shafi ɗora laifi. Mun saba jin ana cewa kwaɗayin alewa da rake ne ya ja wa yaro, ko sakacin uwa, ko kuma a nuna wata tsohuwa da yatsa a ce mayya ce. Wannan nau'in ciwon ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Ƙwayoyin da aka halaka ba su yi laifin komai ba, aikinsu suke yi. Al'ummar da ta zargi yaron ko uwarsa ta maimaita ainihin kuskuren da jikinsa ya yi, wato ta auka wa nata.

Na biyu ya shafi ma'anar haƙuri. Mukan ɗauke shi a matsayin halin wanda ba shi da yadda zai yi. Jiki kuwa ya nuna mana cewa haƙuri aiki ne da ake koya, ake kuma ɗora wa wasu nauyin tsare shi kullum. Abin lura shi ne, masu tsawatarwar nan daga cikin masu gadin suka fito, makaranta ɗaya suka yi. A kasuwanninmu, idan aka yi kururuwar ɓarawo, hannuwa ɗari kan ɗaga kafin baki ɗaya ya tambaya me aka sata. Dattijon da ya ratsa taro ya ce a dakata a bincika, sau da yawa akan ce yana goyon bayan ɓarayi, alhali aikin tsaro yake yi, kuma shi ne mafi wahala.

Wani zai ce yawan haƙuri kan ba maƙiyi ƙofa, kuma yana da gaskiya, domin ciwon daji kan fake a bayan masu tsawatarwar nan ya yaɗu. Saboda haka ba mu ce a ajiye gora ba. Ko maganin teplizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2022, lafar da masu gadin yake yi ba tare da ƙarar da su ba, kuma yakan jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara biyu. Abin da muke cewa shi ne, duk unguwa ko kasuwar da ta ɗauki 'yan sintiri, wajibi ne ta tanadi wanda zai ce musu a'a su ji, kuma ta girmama shi kamar yadda take girmama mai kama ɓarawo.