Bututu Ba Shi da Ruwan Kansa

Karatu: Karin Magana 25:14, 1 Korintiyawa 4:7

Akwai Hausawa da yawa a ƙasar Sudan, a ƙauyukan Jazira da bakin Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno da aka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da muke kira bututu, a Larabcin can masura ake ce masa, kuma manomi ya san darajarsa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ruwan kogi yake bin manyan magudanai, ya shiga ƙanana, har ya iso bakin gona. A nan sai ya ratsa wani gajeren bututu kafin ya faɗa lambatun da ake kira Abu Ishirin, mai shayar da kimanin eka 90. Auduga da dawa da gyaɗar gidaje da dama suna rataye a kan wannan ɗan guntun abu.

Amma ga abin mamaki. A bakin 'yan Sudan, kalmar nan ta zama ta zargi. Kayan jabu masura ne. Ɗan ƙwallon da aka saya da tsada bai tsinana komai ba, masura ne. Haka ma mutumin da ya yi alkawari ya ɓace. A ganina dalilin a fili yake: ka murɗa famfo kana jin ƙishirwa, sai iska ta fito.

To, yaya abu ɗaya zai zama abin dogara, ya kuma zama zagi? Kowane bututu cikinsa rami ne, mai kyau da marar kyau. Ramin nan ba laifi ba ne, don in babu shi ruwa ba zai wuce ba. Bulus ya tambayi Korintiyawa ko akwai abin da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba. Babu. Iliminka, albashinka, har bisharar da ka ji, duk daga hannun Ubangiji suka zo, ta hannun waɗansu. Saboda haka babu kunya in ka ce ba ka da komai na kanka. Kunyar tana ga wanda ya tsaya a matsayin bututu, mutane suka zuba masa ido, amma bai haɗu da tushen ruwa ba. Shi ne Karin Magana ta kwatanta da hadari da iska marasa ruwa.

Akwai kuma wata matsalar, ita ce ma ta fi damuna. Shuɗin Nilu yana ɗauko laka daga tsaunukan Habasha. Lakar ba ta toshe magudana rana ɗaya, kwanciya take yi kaɗan-kaɗan, kuma manomin da gonarsa take can ƙarshe shi ne yake fara shan wahala. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan. An ba ka saƙon kuɗi ka kai wa gwauruwa, ka ce bari ka juya shi zuwa ƙarshen wata. An damƙa maka hatsin ikkilisiya na mabukata, ka fara da danginka. Za ka ce ai ba sata ka yi ba, jinkiri ne kawai. Je ka faɗa wa shukar da ta yi mako biyu tana jira.

Wani zai ce, ashe bututu ba ya jiƙa? Yana jiƙa mana, ma'aikaci ya cancanci ladansa. Amma a yanka maka naka a fili, gaban shaidu, ba kai za ka ɗiba a ɓoye ba.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da mutanen Jazira da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba da gonakinsu. Ka ba su salama da ruwa a kan kari. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.