KUNYAR DA ARISTO YA ƘI SAKAWA CIKIN KYAWAWAN HALAYE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗaliban jami'a da ke bibiyar wannan shafi sun sha tambaya ko ya halatta Musulmi ya karanta littafin Aristo (shi ne Turawa ke ce wa Aristotle) a kan ɗabi'u, wanda ake jingina sunansa ga Niƙomakus. Wanda ya san aƙidarsa, ya karanta. Magabata sun riga mu. An fassara shi zuwa Larabci tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, Ibnu Miskawaihi ya gina Tahzibul Akhlaƙ a kansa, Ibnu Rushdi ya yi masa sharhi. Amma a sani littafin yana da nauyi. Maƙala goma ne, kuma masana da yawa na ganin takardun darasi ne da aka tattara, shi ya sa za ka ga ya kama magana, ya sake ta, ya dawo mata can gaba.

Hatsarin da na fi ji wa mai karatu yana cikin fassarar. Mutumin ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Girkanci ya yi tunani. Fassarar Ahmad Luɗfi As-Sayyid da ta fito a Masar a 1924 ma daga Faransanci aka yi ta, wato hannu biyu ta bi kafin ta iso gare ka. Mai fassara dole ya ari kalmar da ka sani, kai kuma sai ka ɗora mata duk ma'anar da ka taso da ita.

Ga misali. A ƙarshen maƙala ta huɗu Aristo ya ce kunya ba ta cikin halayen kamala. Bahaushe ya ji wannan sai ya rufe littafi ya ce a'uzu billahi. To, dakata, ɗan'uwa. Wace kunya yake nufi? Ya fassara ta da kansa: tsoron zubewar mutunci a idon mutane. Ya ce ta fi kama da motsin zuciya da ke bayyana a fuska, ta dace da yaro saboda tana taka masa birki, amma ba a yaba wa dattijo da ita, domin mutumin kirki bai kamata ya aikata abin da zai ji kunyarsa ba tun farko.

Wallahi a nan akwai gaskiyar da ta taɓa mu. Nawa ne suka ci bashin da ba za su iya biya ba don kar a ce kayan ɗakin 'yarsu bai kai na maƙwabta ba? Mace nawa ce ta shekara tana sallah cikin shakka saboda ta kasa tambayar hukuncin haila? Duk wannan "kunya" muke ce masa. Nana A'isha (RA) kuwa ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Irin wannan kunyar ta idon jama'a, Aristo bai yi kuskure ba da ya hana ta kujera.

Inda muka rabu da shi shi ne dattijon nan nasa. Ya zana mutumin da ya kammalu har ba shi da abin jin kunya, tunda mai kallonsa kawai mutanen gari ne, su kuma ya gama da su. Mu kuwa Mai kallonmu ba Ya gyangyaɗi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani Ba'ansare yana yi wa ɗan'uwansa faɗa kan yawan kunya, sai ya ce ya ƙyale shi, ya kuma danganta kunyar da imani. Sayyidina Usman (RA) yana babban mutum aka shaide shi da kunyar da har mala'iku ke jin nauyinsa. Wannan kunyar ƙaruwa take yi da shekaru, domin gwargwadon sanin bawa ga ni'imar Ubangijinsa, gwargwadon yadda yake ganin gazawar godiyarsa. A littafin Aristo babu gurbin da za a ajiye ta, tunda babu hisabi a cikinsa, babu tuba zuwa ga Mahalicci.

Haka lamarin yake da kalmar "sa'ada". Ka gan ta a shafin farko-farko sai zuciyarka ta tafi Aljanna, alhali shi rayuwar duniya mai inganci yake nufi, har ya ce tana buƙatar abokai da ɗan abin hannu.

Saboda haka wanda zai karanta ya ajiye littafin rubutu a gefe. Duk kalmar da ya ji ta yi masa daɗi da wuri, ko ta ɓata masa rai da wuri, ya rubuta ta, ya nemo inda marubucin ya bayyana abin da yake nufi da ita. Ya kuma buɗe babin kyawun hali na Madarijus Salikin kusa da shi, inda Ibnul Ƙayyim shi ma ya nuna kowane hali mai kyau yana tsakanin munana biyu, sai ya gwada su shafi da shafi.

Wallahu a'alam.