Tsabar Kuɗi A Katafaren Kanti, Bashi A Shagon Unguwa



'Yan uwa, yau maganata a kan wani bawan Allah ce da muke wuce shi sau biyar a rana a hanyar masallaci: mai shagon unguwa, ɗan tiredar bakin layi. Ku duba layinku da kyau. Shago nawa aka rufe a 'yan shekarun nan? Nawa ne suka koma wurin cajin waya ko POS? Nawa ne ƙofa a buɗe take, amma kanta duk kwalaye ne marasa komai a ciki, an jera su don rufin asiri?

Kano garin kasuwa ne tun fil azal. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, sama da shekara 500 ke nan. Ga Kantin Kwari, ga Sabon Gari, ga Singa. A shekarar 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, kuma yanzu kusan kowane babban titi akwai katafaren kanti mai gilasai da sanyin esi da keken zuba kaya.

Bari in fara da hukunci, don kada wani ya ce malam ya haramta. Saye da sayarwa a waɗannan kantuna halal ne. Asali a mu'amala halacci ne sai in dalili ya zo da hani. Suna da alherinsu kuma: farashi a rubuce, tsafta, rasit, da aikin yi ga matasa. Abin da nake tsoro shi ne wani zalunci da muke yi ba mu ɗauke shi zalunci ba.

Ga yadda abin yake. Albashi ya shigo, maigida ya kwashi iyali a mota sai katafaren kanti. A cika keke, a biya nan take, ko ragin naira ɗaya ba a nema ba, har a yi hoto a ɗora. Wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, sai a tura yaro wurin mai shago: "Wai in ji Baba a ba da taliya biyu da ƙullin mai da magi, a rubuta." Shi kuma ya rubuta, saboda kunya da maƙwabtaka. Wata ya sake ƙarewa, a sake komawa kanti da tsabar kuɗi, littafin mai shago yana nan ba a waiwaye shi ba. Wani ma har hanya yake sauyawa.

Wallahi wannan shi ne abin da Annabi (SAW) ya kira zalunci a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ya bayyana cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Cin bashi ba abin kunya ba ne, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Amma ka lura, jingina ya bayar, ya tsare haƙƙin mai kaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa ta sauka.

Ka san abin da jinkirinka yake yi masa? Babban kanti daga kamfani yake ɗauko kaya mota guda, a yi masa ragi. Mai shago kuwa katan ɗaya ko rabi yake sarowa a Singa, ya biya kuɗin mota, ya biya ɗan dako, ribarsa 'yar kaɗan ce. Mu ɗauka misali ka karɓi kayan naira 10,000, ka riƙe wata uku, kafin ka biya sarin kayan ya koma 13,000. Ka biya a takarda, amma ka cinye masa uwar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ya riƙa tashi, mutum goma irinka sun isa su karya shago.

Mu kuma tuna wanda ya tsaya mana. Lokacin kullen korona a 2020, da lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, gidaje da yawa da littafin mai shago suka ɗora tukunya. Na'urar kanti ba ta san an yi maka rasuwa ba, ba ta san matarka ta haihu ba. A watan Janairun 2024 Shoprite ta rufe reshenta na Kano saboda yanayin kasuwanci. Ba laifi nake ɗora musu ba, haka lissafin kamfani yake, in ba riba sai a naɗe tabarma. Mai shagon layinku ba shi da inda za shi. Da shi za ku yi sahu, shi zai ɗauki makararka.

Magabata sun yi tunani a kan irin wannan. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya wuce Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, sai ya umarce shi ko ya ɗaga farashi ko ya bar kasuwar. Malaman Malikiyya sun fahimci cewa ana tsawatar wa wanda ya karya farashi ƙasa da na jama'a har ya cutar da sauran 'yan kasuwa. Imamu Shafi'i kuma ya ruwaito cewa daga baya Umar ya je gidan Haɗib ya sanar da shi cewa maganar ba hukunci ba ce na dole, alheri ya nufa ga mutanen gari, ya sayar yadda ya so. Ka ga mas'ala ce mai saɓani, kuma Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi da aka roƙe shi, kamar yadda ya zo a hadisin Anas. Amma duk ruwayar da ka ɗauka, Umar ya damu da kada ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya ya kashe kasuwar saura. A aya ta 7 ta Suratul Hashri ma, da Allah Ya raba dukiyar fai'i, dalilin da Ya ambata shi ne kada dukiya ta riƙa zagayawa tsakanin mawadata kaɗai.

To, nasiha ta kasu uku.

Kai mai saye, in albashi ya shigo fara da littafin mai shago kafin ka tayar da mota. Ka ware wani kaso na cefanenka, ko sabulu da sukari da madara ne, ka saya a unguwa da kuɗi a hannu, da niyyar haƙƙin maƙwabci. Da Nana A'isha ta tambayi wane maƙwabci za ta fara yi wa kyauta, wanda ƙofarsa ta fi kusa aka nuna mata. Kuma ka ji tsoron almubazzaranci: ka shiga sayen abu biyu ka fito da goma sha biyu, don an jera su ne yadda ido zai ja hannu.

Kai mai shago, kai ma da naka. Wasu ba kanti ne ya kore musu masu saye ba, halinsu ne. Tauye mudu, kayan da wa'adinsu ya wuce, farashi gwargwadon fuskar mai saye, ɓoye kaya a jira tsada, ɗaure fuska kamar ana roƙonka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suratul Muɗaffifina da narkon azaba ga masu tauye awo ta buɗe, kuma Annabi (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali wajen saye da sayarwa da neman bashi. Ka share shagonka, ka rubuta farashi, ka sa wa kowane bashi rana. Ku haɗa kuɗi ku biyar ko goma ku yi sari tare, ragin da babba yake samu ku ma ku samu wani abu.

Kai Alhaji mai katafaren kanti, Allah Ya ƙara buɗi. Ka ƙidaya hajarka duk shekara ka fitar da zakka, kashi 2.5 cikin 100. A cikin masu cin zakka akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma wataƙila mai shagon da ke bayan katangarka yana cikinsu. Ka biya ma'aikata a kan lokaci, ka ba su damar salla, ka ba masu ƙananan sana'o'in gida wuri a kantarka.

Wanda ya san sunansa yana cikin littafin wani, yau ya je. In akwai, ka biya. In babu, ka je da ƙafarka ka yi bayani ka sa rana, shi kuma aya ta 280 ta Baƙara ta umarce shi ya jinkirta maka har ka samu. Gara a goge sunan a nan, da a biya da lada ranar da babu naira babu tiransifa.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya mayar wa waɗanda suka karye da mafi alheri, Ya sa albarka a kasuwanninmu manya da ƙanana. Wallahu a'alam.