Kafin A Toshe Hanyar Maƙwabci

A biranen ƙasar nan, inda fili ya yi tsada, sau da yawa gidaje biyu kan yi tarayya a mashiga ɗaya: mai gidan baya ba ya kaiwa bakin titi sai ta gefen mai gidan gaba. Akan yi shekaru lafiya, sai saɓani ya shiga, ko gida ya koma hannun magada, a wayi gari an sauke bulo za a ja katanga. Me ya kamata mai bi ya yi?

Littafin Ƙidaya 20:14-21 ya ba da labarin yadda Musa ya aika manzanni daga Kadesh zuwa wurin sarkin Edom, yana roƙon izinin ratsa ƙasarsa. Ya yi alkawari jama'a ba za su shiga gonaki ba, har suka yarda su biya kuɗin ruwan da za su sha. Edomawa zuriyar Isuwa ne, ɗan'uwan Yakubu, amma suka ƙi, suka fito da mayaƙa. Dole Isra'ilawa suka kewaye ƙasar, suka sha wahala a jeji. Ƙasar ta Edom ce, gaskiya ne, amma mallaka ba ta zama hujjar rashin tausayi ba.

Ko shari'ar duniya ba ta barin mutum ya yi gaban kansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, abin da mai gida yake riƙe da shi izinin zama ne. Haƙƙin wucewa kuwa, idan ya tabbata, fili yake bi, ba mutum ba. Sayar da gida ba ya kashe shi. Yakan ƙare idan mai haƙƙin ya sake shi, ko filayen biyu suka koma hannun mutum ɗaya.

Rabuwa kanta ba zunubi ba ce. A Farawa sura 13, da makiyayan Abram da na Lutu suka yi rikici, Abram, wanda shi ne babba, ya fara neman sulhu, ya kuma bar wa Lutu zaɓi. Suka rabu, zumunci bai yanke ba, har daga baya Abram ya tafi ceton Lutu daga hannun sarakunan da suka kama shi.

Saboda haka Kirista da yake so ya rufe mashiga, sai ya fara zama da maƙwabcinsa a gaban dattawan ikkilisiya ko mai unguwa. Ya tabbata akwai wata hanyar da mota za ta bi ta ɗauki marar lafiya da tsakar dare. A ba da isasshen lokaci, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu da lauya, domin kada 'ya'ya su gaji gāba. In babu wata mafita, ya haƙura da katangar, gama zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ubangiji ya ba iyalan masu bi zuciyar Abram. Amin.