Gudumar Maƙeri Ba Ta Bin Hanya Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙera ya san yadda aikin yake ɗaukar ido. Yaro yana zuga, garwashi ya yi jawur, maƙeri ya ciro ƙarfe da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya shiga bugu. Guduma tana sauka daidai inda ake so, bugu bayan bugu, har ruwan fartanya ya fito. Mai kallo zai iya rantsewa cewa hannun nan hanya ɗaya tak yake bi a kowane ɗagawa. Ashe ba haka ba ne.

A shekarun 1920, a birnin Mosko, wani masanin motsin jiki ɗan Rasha mai suna Nikolai Bernstein ya maƙala ƙananan fitilu a gaɓoɓin hannun masu bugun ƙarfe, ya riƙa ɗaukar hoton yadda suke aiki. Da ya bi sawun hasken sai ya ga kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu suna sauya hanya daga bugu zuwa bugu, amma kan gudumar yana isa inda aka nufa. Idan kafaɗa ta ɗan zarce, wuyan hannu ya gyara. Idan gwiwar hannu ta yi jinkiri, wata gaɓar ta cike gurbin. Gwanintar maƙeri ke nan: jikinsa ya san hanyoyi da yawa na kaiwa wuri ɗaya, kuma yana zaɓar wadda ta dace kafin ma tunani ya iso.

Ba sai an je Mosko ba. A leƙa tsakar gida inda mata uku suke lugude a turmi ɗaya. Gero yana raguwa, tsaba tana komawa gari, nauyin taɓarya a hannu yana sauyawa da gajiya, wata ta ɗan yi sauri, wata ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe. Ba a samun karo. Kowace tana auna ta kusa da ita da ido da kunne, tana gyara tsayuwa, tana sauya ƙafar da ta dogara a kai. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu wannan da baki. Aikin da ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu ne ya hore su.

Haka rayuwar yau da kullum ta kasance tana yi wa jikinmu. Manomi yana tsallake kunyoyi da garma a kafaɗa. Makiyayi yana bin shanu cikin yashi da duwatsu da laka. Yarinya tana tafe da tulu a kan gammo, ruwan yana kaɗawa, wuyanta da ƙugunta suna amsa kowace kaɗawa. Yara suna langa a dandali, ƙafa ɗaya a riƙe ta baya, ana tsalle ana ture juna, wanda ya saki ƙafa ya fita. Kowa yana zama a tabarma ya ci tuwo, ya tsuguna ya yi alwala, ya miƙe. Jiki yana daidaita tsayuwarsa ne da abubuwa uku: abin da ido ya gani, abin da wani sashe na can cikin kunne ya auna na karkata, da kuma saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi suke aikawa ƙwaƙwalwa game da ƙasar da aka taka. Dukansu da amfani suke kaifi, da ajiyewa kuma suke dakushewa.

Ba ina cewa wahala alheri ba ce. Dakon kaya mai nauyi a ka yana barin mata da ciwon wuya da baya, noman hannu yana tsufar da mutum tun da sauran ƙarfinsa, kuma duk wadda injin niƙa ya hutar da ita daga daka ta samu sauƙin da ya cancance ta. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, lokacin da wahalar ta tafi, ta tafi da wani abu da ba mu yi niyyar rabuwa da shi ba. Ma'aikaci a Kano ko Yamai yana iya tashi daga katifa, ya taka tayil, ya hau babur ko adaidaita sahu, ya wuni a kujera, ya dawo ya zauna a wata kujerar da waya a hannu. Daga safe zuwa dare ƙafarsa ba ta gamu da abin da zai sa ta yi dabara ba. Amma duniya ba ta daina zuwa da ba-zata don mun daidaita daɓen gidajenmu ba. Ranar da aka yi ruwa banɗaki ya yi santsi, ko aka ɗauke wuta yana tsakiyar matakalar bene, ko ya zo tsallake lambatu murfin kwalbati ya goce, a ranar ne ake neman dabarar da jiki ya manta.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne suke mutuwa kowace shekara sakamakon faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ci. Mu ma mun sani ba da lissafi ba. Sau nawa muka ji an ce tsohuwa ta zame a bayan gida, ƙashin kwatangwalo ya karye, daga nan ba ta sake tashi ba?

Wani likita ɗan ƙasar Brazil, Claudio Gil Araújo, ya fito da gwaji mai sauƙi a kan haka. Mutum zai zauna a ƙasa daga tsaye, sannan ya miƙe, ba tare da dafa hannu ko gwiwa ba. Maki goma ne, kowace dafawa tana rage ɗaya. A binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, wanda ya bi mutum kusan 2,000 'yan shekara 51 zuwa 80, masu ƙarancin maki sun fi mutuwa a shekarun da suka biyo baya. Ba tashin ne yake tsawaita rai ba, ajali na Allah ne. Amma tashi daga ƙasa yana tona asirin ƙarfin cinya, laushin gaɓoɓi, nauyin jiki da daidaiton tsayuwa a lokaci guda. Abin da likitan yake aunawa a asibiti, shi ne abin da mai tabarma yake yi kullum. Musulmi kuwa, ban da nafila, raka'a 17 yake yi a wuni, da sujada 34. Ibada ce, don Allah ake yin ta, amma jikin da yake kaiwa ƙasa ya dawo haka kowace rana yana riƙe da abin da mai kujera yake asara.

Mayar da wannan cikin rayuwar birni ba ya buƙatar kuɗin shiga gidan motsa jiki. A sauka daga adaidaita kafin a iso, a ƙarasa a ƙasa, a riƙa sauya hanya. A ci abincin dare a tabarma. A tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango lokacin asuwaki, a juya ɗayar. A ɗauki bokiti yau da dama, gobe da hagu. Wanda yake zuwa gidan motsa jikin ma kada ya tsaya ga na'urar gudu kaɗai, domin ita ma shimfiɗa ɗaya ce da ba ta sauyawa. Mai ciwon gwiwa ko jiri ko hawan jini ya fara jin ta bakin likita.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen iyayenmu. Ladabi ya sa da zarar dattijo ya yunƙura zai ɗauko buta, sai jika ya zabura: "Baba, zauna, bari in kawo maka." Hajiya ta ɗauki tsintsiya, a karɓe: "Haba Hajiya, muna nan za ki yi shara?" Niyyar mai kyau ce, lada ake nema. Sai dai idan aka karɓe buta da tsintsiya da tafiya masallaci da zagayen dangi, cikin 'yan watanni ƙafa ta yi sanyi, tsoron faɗuwa ya shiga, tsoron kuma ya ƙara zaunar da mutum. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce masu shekara 65 zuwa sama su riƙa motsin da ke ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Taimakon da ya fi dacewa da su shi ne a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, a sa fitila a zaure, a kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe, a saya musu takalmin da ba ya santsi. Idan Baba ya ce zai taka zuwa masallaci, a bar mota a gida, wani daga cikin 'ya'ya ya jera da shi.