Riƙon Amanar Itatuwan Gari

Wani dattijon ekklesiya daga wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo ya zo mini da tambaya. Dagaci da mutanen gari sun zaɓe shi cikin amintattu waɗanda za su lura da kurmin gari da itatuwan da aka dasa. Ba albashi, ba ko na goro. Ya ce, "Malam, in karɓa? Ina tsoron baƙin jini, gama ƙanena gawayi ya ke ƙonawa, yana sayar wa masu motocin Kano."

'Yan'uwa masu karatu, tambayan nan ta shafe mu duka. Bari mu auna ta.

Da fari, ƙasa ba tamu ba ce. Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aikin fari da Allah ya ba Adamu, wato noman gona da tsaronta. Cikin Kubawar Shari'a sura 20 kuma an hana Isra'ilawa saran itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. Ashe ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo ajiya ce a hannunmu. Wanda ya dasa ɗorawar da uwargida ke samun kalwa a yau, ya daɗe a kabari. Mu ma akwai jikoki a bayanmu, ba su kuwa da bakin magana a taron gari. Amintacce shi ne bakinsu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ƙungiyar NCF, wadda Cif S. L. Edu ya kafa a Legas a 1980 domin kiyaye daji da namun daji, tana da nata amintattu. Na ƙauye da na Legas, nauyinsu iri ɗaya ne: suna riƙon abin da ba nasu ba.

Amma akwai wuya, kada mu ɓoye ta. Gwauruwa tana bukatar itacen dafa tuwo yau. Ƙanen dattijon yana da yara a makaranta. In amintacce bai san kome ba sai hani, ya ƙaunaci itace fiye da maƙwabcinsa ke nan, wannan kuwa ba halin Almasihu ba ne. In kuma ya rufe ido domin zumunci, kurmi zai ƙare, iska ta kwashe ƙasar gona, gwauruwan nan kuma ta riƙa tafiyar yini kafin ta sami ƙirare. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da na ke faɗi.

Akwai hanya tsakanin biyun nan, an kuwa gwada ta. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sharewa a gona tohon kututture ne, saiwarsu tana da rai a ƙasa. Ya koya wa mutane su bar toho mafi ƙarfi, su sassabe sauran su kai gida. Da fari an yi masa dariya. Daga baya itatuwa suka komo a gonakin Nijar wajen hekta miliyan 5. Mata sun sami itace kusa da gida, dabbobi sun sami 'ya'yan gawo da rani, gero kuma ya sami taki, gama gawo da damina ya ke zubar da ganye.

To, ga abin da na faɗa wa dattijon. Ka karɓa, amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, a yi doka a gaban kowa, Musulmi da Kirista, a san reshen da za a sara da lokacin saransa, a ba gwauraye rabonsu. Na biyu, kowane kuɗin da ya shigo, na gudummawa ko na tara, a rubuta shi a littafi, a karanta a taro. Na uku, ranar da maganar ƙanenka ta taso, ka faɗi dangantakarku a fili, ka bar sauran su yanke. Bayan haka ka je gidansa ka taimake shi neman wata sana'a, gama shi ma amana ne a wuyanka.

Ya yi shiru, kana ya ce, "To, wa zai gode mini?" Na ce, watakila ba kowa. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa aminci ne a ke nema wurin wakili. Bai ambaci yabon mutane ba. Ubangijin gona yana gani, shi ne kuwa zai nemi lissafi.

Dattijon ya karɓi aikin. Ƙanensa bai gaishe shi ba har wata biyu. Ku tuna da su biyu cikin addu'a. In kuma an kira ɗayanku ga irin aikin nan, kada ya guje shi don ba kuɗi a ciki. Allah ya same mu da aminci. Amin.